Amsa ga Malamin da ya ce haddar sunayen Turawa kawai muke yi

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: me masana kimiyyar harshe su Saussure da Chomsky suka kawo wanda Sibawaihi, malamin nahawun Larabci, bai riga su ba, kuma me ya sa muke ɗora wa ɗalibai sunayensu kamar aku? Kalmar aku ce ta yi mini ciwo, don haka da ita zan fara. Da ka tambaya don neman sani, da ka same ni mun zauna. Ka zaɓi taro, kuma na ga tafin da ka nema ka samu.

Ba a ambaton mutum a kimiyyar harshe sai don hanyar aiki da ya bari, wadda kowa zai iya gwadawa. Ferdinand de Saussure yana ɗan shekara 21 ya nazarci wasulan Sanskirit (tsohon harshen Indiya) da Girkanci da Latin, ya ce tsarinsu ba zai daidaita ba sai idan uwar waɗannan harsuna tana da wasu sautuka da suka ɓace. Ba shi da rubutu ko ɗaya da ke nuna su. Ya rasu a 1913. A 1915 aka warware rubutun harshen Hitti na ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a 1927 kuma Jerzy Kuryłowicz ya nuna irin sautin da ya ɓace a rubuce cikin Hitti, a wuraren da Saussure ya yi hasashe. Darasin da muke koyarwa ke nan: a kalli sauti ta matsayinsa cikin tsari.

Nikolai Trubetzkoy, wanda littafinsa kan tsarin sauti ya fito a 1939, ya mayar da wannan darasi aikin hannu. Ka ɗauki kalmomi biyu da suka yi daidai a komai sai wuri ɗaya. In ma'ana ta sauya, ka samu ƙwayoyin sauti biyu. Kafa da ƙafa sun raba k da ƙ. Gari na mutane da garin tuwo sun nuna tsawon wasali yana raba ma'ana. Kuka na hawaye da kuka itaciya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, karin sauti, wato hawa da saukar murya, shi ne kaɗai ya raba su. Inda ɗalibi ke faɗuwa shi ne ya tattara misalansa daga takarda, alhali rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawo ko kari. Sai ya haɗa kalmomin da suka bambanta a wuri biyu, ya yanke hukunci a kan ɗaya. Dole ya saurari bakin mai magana, ya sa shi ya maimaita, sannan ya rubuta.

Joseph Greenberg fa? Kafinsa, Carl Meinhof ya tara harsuna cikin rukunin da ya kira na Hamawa, wato zuriyar Ham ɗan Nuhu, yana cuɗa launin fata da kiwon shanu da nahawu, har ya jefa Fulatanci a ciki. Greenberg ya ce a ajiye jinsi da sana'a, a kwatanta sauti da ma'ana kawai, cikin harsuna da yawa a lokaci guda. A 1963 ya kasa harsunan Afirka gida huɗu, ya mayar da Fulatanci kusa da Serer da Wolof na Senegal, ya sa Hausa da danginta na Cadi reshe mai cikakken matsayi a gida ɗaya da Larabci da tsohon harshen Masar. Hujjarsa ba littafi na Hausa da kitab na Larabci ba ce, domin wannan aro ne, kuma wanda ya ƙirga kalmomin aro ya ɓata lissafinsa. Hujjar tana cikin abin da ba a cika arowa ba: wakilan suna ka da ki da ku masu kama da na Larabci, t mai nuna mace, mutu da maut na Larabci. Mutumin da ya rushe ra'ayin wariyar launin fata a wannan fanni shi kake so mu daina ambata?

Chomsky ba zan daɗe a kansa ba. Tun 1957 ya tilasta a rubuta dokar jimla dalla-dalla yadda za a iya kama kuskurenta, kuma manyan masana da yawa suna jayayya da shi har gobe. Mu ma muna koyar da jayayyar.

Sibawaihi kuwa ba ka fi mu girmama shi ba. Bayaninsa na mafurtar haruffa a Al-Kitab ya riga na Turai da ƙarnuka, malaminsa Halilu ya jera ƙamusunsa daga maƙogwaro zuwa leɓɓa, Panini na Indiya kuma ya riga su duka da dokokin nahawun Sanskirit kusan 4,000. Amma Larabci Sibawaihi ya bayyana, kuma Larabci ba shi da karin sautin da zai raba maka wuya da wuya. Wannan sai da nazarin harsunan Afirka ta Yamma, irin na William Leben a 1973 da John Goldsmith a 1976, aka nuna cewa kari yana tafiya a layinsa dabam da na baƙi da wasali.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne jarrabawar da ke tambayar shekarar haihuwar Saussure, ba ta ba ɗalibi kalmomi 20 na harshen da bai sani ba ta ce ya fitar da ƙwayoyin sautinsa. Haka ake haifar da haddar da kake zargi, kuma ana yi wa nahawun Larabci irin wannan zaluncin a wajen masu haddace baitoci ba sa iya i'irabin jimla sabuwa. Da can ka nufi kibiyarka, Malam, da na tsaya a bayanka.

Wassalam.