Wasiƙar masu karɓar bashin fakin a Ingila ba sammaci ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi wa 'yan'uwa mazauna Ingila bayani kan wasiƙun barazana da ke biyo bayan tarar ajiye mota a filayen kamfanoni masu zaman kansu, irin na manyan kantuna.

Wannan kuɗi ba tarar hukuma ba ne, ko da yake takardar na kama da ta ƙaramar hukuma. Kamfani ne ke cewa ka saɓa sharaɗin da ya rubuta a allo. Yawanci fam 100 ne, a sauko zuwa 60 in an biya cikin kwana 14. In ba a biya ba, sai a haɗa ka da masu karɓar bashi, su ɗora kamar fam 70, su yi ta aiko da wasiƙu. Ba su da ikon shiga gidanka ko ɗauke motarka. Sai kotu ta yanke hukunci, ka ƙi biya, sannan a iya turo masu ƙwace kaya.

To amma kada a saki jiki. Tsohuwar shawarar nan ta a jefa takarda a kwandon shara ta daina aiki. Dokar 2012 ta ba kamfani damar bin mai mota ko da ba shi ya tuƙa ba, a Ingila da Wales, muddin ya cika sharuɗɗa. Ɗaya daga ciki: idan kyamara ce ta kama lambar, dole sanarwa ta iso cikin kwana 14. Sannan a 2015 Kotun Ƙoli ta halatta cajin fam 85 a shari'ar kamfanin fakin ParkingEye da wani direba mai suna Beavis. Kamfani yana da shekara 6 ya shigar da ƙara, kuma wasunsu suna yi.

Tun farko a ɗaukaka ƙara wurin kamfanin cikin kwana 28, da hoton allon da rasit. In ya ƙi, a wuce POPLA ko IAS, wato masu sauraron ɗaukaka ƙarar fakin, gwargwadon ƙungiyar kamfanonin fakin da yake ciki.

Takardu biyu ne ba a wasa da su. Ta farko tana ɗauke da taken Letter Before Claim, wato gargaɗin za a kai ka kotu, tana ba ka kwana 30 ka amsa; nan ne za ka nemi hujjojinsu, har da shaidar cewa mai filin ya ba su izini. Ta biyu fom ɗin kotu ne, galibi daga Northampton. Kwana 14 gare ka, kuma in ka sanar da kotu cewa ya iso maka, sai wa'adin kare kai ya zama 28. Wanda ya yi shiru ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa, wato CCJ, hukuncin ya zauna a rajistar basussukan kotu shekara 6 sai fa in ya biya duka cikin wata ɗaya. Wannan kan hana mutum rancen gida, wani lokaci har haya.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne sauya gida. Kamfanin daga DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, yake samun adireshi, kuma gyara lasisin tuƙi ba ya gyara takardar mota ta V5C. Kowanne daban ake yi. In an manta, sammaci tsohon gida zai tafi.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
Birmingham