Barka da Kirsimeti daga Agege

Agege, Legas
Alhamis, 25 ga Disamba, 2025

Baba da Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da ganin wannan rana da rai da lafiya. Ina fata kun tashi lafiya, ku da duk mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, kewa ce kawai take cina. Sau huɗu na gwada wayar Baba da asuba ba ta shiga ba, na san sai an hau tudun bayan coci ake samun sabis. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, zan tura wa Auta ta WhatsApp, in ya shiga Malumfashi ya buɗe, ya dawo ya karanta muku. Auta, ka karanta duka, har wurin da za ka ji nauyin faɗa a gaban Baba.

Tun ƙarfe huɗu idona biyu. Ina kwance ina lissafi: yanzu Inna ta fito da fitila, ta yaye tsohon zanin da ta lulluɓe robar ƙullu da shi saboda sanyi, ta leƙa ta ga ko ya tashi. Yanzu ta ɗora tanda, ta bi kowane gurbi da man gyaɗa. Yanzu wainar farko ta kama ta fashe, kamar yadda take yi kowace shekara kafin tanda ta yi zafi sosai, an miƙa wa yaron da ya fi kusa da murhu. Shekaru nawa ni ne wannan yaron, ina tsugune da bargo a kai, hannu yana ƙuna ina hurawa. Har ƙamshin miyar taushen na ji, Inna, Allah ne shaidata: kabewar bayan gida da ta narke har ba a ganin yankanta, yakuwa da ɗan tsaminta, dakakkiyar gyaɗa, daddawa, da ƙashin da ya kwana kan wuta. Kirsimeti na huɗu ke nan ban sa wannan miya a bakina ba.

A nan ma ana waina, kada ku ce babu. Agege cike take da Hausawa, akwai layin da in ka shiga sai ka ɗauka Funtuwa kake. Abokin ɗakina, wanda na sha ba ku labarinsa, da ya dawo daga sallar asuba sai ga shi da waina a leda, ya ajiye mini ya ce barka da shan biki. Na ci, na yi godiya, har idona ya kawo ruwa. Amma da ƙuli da yaji aka ba shi, ba miya, kuma ƙullun ya sha yis da sukari, ba irin na Inna da yake kwana yana tashi a hankali ba.

Garin nan har yau ban gane masa ba. Ranar Kirsimeti mutum yana gumi tun da safe, ba hazo, ba kaushi, ba mai hura wuta a ƙofar gida. Maƙwabtanmu Yarbawa mutanen kirki ne, matar mai gidan ta aiko mana da jalof da kaza, barkono kamar zai tsaga harshe, tana ta cewa “e ku odun”, wato barka da biki. Da yamma kowa zai cika danfo a tafi bakin teku. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne abin fashewar da yara suke kunnawa tun shigowar Disamba. Su wasa suke, suna dariya. Ni kuwa daren jiya wani ya tashi a bayan tagarmu, ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba, ina laluben takalmi. Abokin ɗakina ma haka. Muka dubi juna a cikin duhu, ba wanda ya ce uffan.

Na je sujada. Sashen Hausa na cocinmu ya cika har waje, mutanen Borno da Adamawa, na Filato, na Kudancin Kaduna, na Zuru, na Tangale, mu na Katsina ’yan kaɗan a gefe. Zumuntar Mata sun fito da ankonsu, da tulu da kacau-kacau, suka rera har na manta inda nake, na riƙa neman muryar Inna a cikinsu. An yi baiko da rawa, an yi murna sosai. Fasto ya karanta Matiyu sura 2, inda aka ce wa Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar, da yadda Hirudus ya sa aka kashe yara maza na Baitalami daga ’yan shekara biyu zuwa ƙasa. Ya ce mu duba da kyau, Mai Cetonmu ma an taɓa goya shi an gudu da shi cikin dare. Cocin ya yi tsit, don kusan kowane benci akwai wadda ta taɓa yin wannan goyon.

Baba, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau nake so in sauke.

Kun san na taho Legas ba da daɗewa ba bayan an kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, yara fiye da 300 a dare ɗaya. Da aka rufe layukan waya a yankinmu a Satumbar 2021, makonni ban ji muryar kowa ba, a lokacin na riƙe addu’a da hannu biyu. Amma da aka ɗauke Kawu a gona daminar 2023, aka sayar da shanun huɗa da babur ɗin Yaya aka kai kuɗin fansa, ya dawo ƙafafu a kumbure ba ya iya tsayuwa, sai wani abu ya mutu a cikina. Na daina durƙusawa. Ina zuwa coci jefi-jefi don kada a tambaye ni, amma bakina ne kawai yake motsi. In na tuna mutanen daji, ba abin da nake roƙa musu sai wuta.

Ban tsaya nan ba. Ni ne na ce ɗan Malam maƙwabcinmu infoma ne. Ba ni da hujja ko ɗaya, sai don an ce an gan shi da sabuwar waya. Daga Legas nake zaune ina yanke hukunci, na faɗa wa Yaya, na faɗa wa samarin da ke gadi, magana ta zaga gari. Ni ne kuma na kira Inna ana jibi Kirsimetin bara na ce kada a sake kai waina gidansu. Inna ta yi shiru a waya, ta ce, “To, na ji.” Tun ina yaro ni nake ɗaukar langar nan in kai, matar Malam ta juye ta zuba mini gyaɗa a ciki, da Babbar Sallah kuma cinyar rago ta shigo gidanmu. Baba ya gaya mini Malam ya sayar da tunkiyarsa ya ƙara a kuɗin Kawu, na ji da kunnena, na toshe.

Ranar Talata 19 ga Agustan bana muna kasuwar Mile 12 muna sauke albasa daga tirela, aka kira abokin ɗakina. An shiga masallaci a Unguwar Mantau ana sallar asuba, an buɗe wa mutane wuta. Ɗan ƙanin mahaifinsa yana ciki. Na ga wayar ta zame daga hannunsa ta faɗa tsakanin buhuna, shi kuma ya zauna a kan buhu yana ta salati, hawaye yana bin ƙurar albasar da ke fuskarsa. Ni na tsugunna na ciro wayar, gilashin ya tsage. Na rasa abin da zan ce masa. Mutanen da na ɗora wa laifi a zuciyata, ga shi su ma ana kashe su suna tsaye gaban Allah, a ƙaramar hukumarmu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga gidanmu.

Sai ga Nuwamba da nata. Shugaban Amurka ya yi barazanar turo sojoji, aka kwashe ɗalibai mata a Maga ta Jihar Kebbi, aka shiga coci a Eruku ta Jihar Kwara, aka kwashi ɗaruruwan yara a makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja, duk cikin ’yan kwanaki. A kasuwa ba a maganar komai sai yaƙi. Tsofaffin ’yan kasuwa suna tuna mana rikicin 2016 da ya sa aka rufe Mile 12. Ku sani, Baba, a Legas duk wanda ya fito daga Arewa “Aboki” ne ko “Malam”. In abu ya tashi, ba mai tsayawa ya tambaye ni ko ina da baftisma. Ni da abokin ɗakina hanya ɗaya za mu bi da gudu. Dare uku ban yi barcin kirki ba.

A makon ne ikilisiya ta sa azumi da addu’a na kwana uku. Tsoro ne ya kai ni, ba zan ɓoye ba. Daren farko wani dattijo ya karanta addu’ar sarki Yehoshafat a 2 Tarihi sura 20, inda ya ce ba su da ƙarfin tsayayya da taron da ya taso musu, ba su kuma san abin da za su yi ba, amma idanunsu suna ga Ubangiji. Na ce wannan kam bakina ne. Dare na biyu aka ce kowa ya bar laifin gwamnati da na ’yan bindiga tukuna, ya duba nasa, aka buɗe Zabura 51. Sai wata tsohuwa ’yar Gwoza ta miƙe. Tun da garinsu ya faɗa hannun Boko Haram a 2014 ta rasa mijinta, ’yarta ce ta kawo ta Legas. Da Hausarta mai gargada ta fara roƙo, tana cewa, “Ya Uba, yaran nan da ke daji, su ma wata ce ta haife su, ka juyo da su gida.” Yaran nan, haka ta kira su. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai siminti ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Kaka. Na faɗi sunan ɗan Malam a gaban Allah, na faɗi abin da na yi masa.

Ban ce tsoro ya tafi ba, kun dai ji abin da ya faru daren jiya. Sulhun da ake ta yi da mutanen daji a ƙananan hukumomi ma ban san inda zai kai mu ba, kuma samari kada su saki gadin dare saboda shi. Amma yanzu ina iya durƙusawa. Kullum ƙarfe biyar, lokacin da na san Baba ya tara ku a tsakar gida da Littafi Mai Tsarkinsa mai bangon da Inna ta ɗinke da zare, ni ma ina buɗe nawa a nan. Abokin ɗakina yana shimfiɗa dardumarsa a wancan gefe, ni ina wannan gefe.

Don haka ina roƙonku gafara, Baba. Inna, ki yafe mini, na sa ki abin da ba halinki ba. In wasiƙar nan ta iso bayan waina ta ƙare, ki sake jiƙa shinkafa don Sabuwar Shekara, na tura kuɗi ta mai POS na bakin tasha, Auta ya san shi. A cika babbar langar nan mai murfi, a zuba taushe a kwano daban, Auta ya kai da hannunsa. Baba, in kun ga ya dace, ku shiga wurin Malam ku gaya masa ɗanku ya yi ƙarya a kan ɗansa, ya kuma tuba. Yaya, ka faɗa wa samarin da na faɗa wa. Sauran ni zan ƙarasa da bakina in Ubangiji ya kai mu Ista, 5 ga Afrilu, na riga na fara tara kuɗin mota.

Sujadar shiga Sabuwar Shekara, don Allah a yi ta da sauran rana kamar bara, kowa ya koma gida kafin duhu. Kada wanda ya bi hanyar Funtuwa da yamma.

Ku gaishe mini da Kawu sosai da sosai. Ku ce masa ina tuna shi kullum, ina tuna ranar da ya koya mini riƙe garma yana bina a baya yana gyara mini kunya. Yaya ƙafar? Man zafin da na aiko da direban albasa ya iso? In ya ƙare a faɗa mini, kada ya yi shiru don kunya, na san halinsa. A ba shi wainar da ta fi laushi. Ina gaida Gwaggo, da Yaya da matarsa, da ’yan biyu, an ce sun fara tafiya, a ɗauko mini hotonsu da kayan Kirsimeti. Ina gaida Fasto da iyalinsa, dattawan ikilisiya, ’yan kwaya, da Mai Unguwa. Uwar Zumunta kuwa a ce mata yau na ji an ɗauko waƙar nan da take farawa da ita, amma ba wadda ta kai ta jan murya, kuma ban manta da cincin ɗin da take ɓoye mini a bakin zani ba. A gaida Malam da matarsa, da ɗansa in zai amsa. Abokin ɗakina yana gaishe ku, ya ce a gaya wa Inna yana nan zuwa cin taushe.

Auta, ka riƙe karatu. In ka gama karanta musu, ka hau tudun bayan coci ranar Lahadi bayan an tashi sujada, da wayar Baba a hannunka, zan kira ƙarfe ɗaya. Inna, ki busar mini da kabewa ko yanka goma ne, direban zai dawo Legas bayan Sabuwar Shekara.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Ɗanku na Ikko