Wasiƙa zuwa ga ɗana, kan a-kori-kurar da ke shan mai

Agege, Legas

Assalamu alaikum, ɗana Habibu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta faɗa mini a-kori-kurar nan taka ta ishe ka da shan mai, har bakanikenka ya ce a je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a sayo wani kafireto, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya ba inji, in ba haka ba a sauke injin gaba ɗaya. Kada ka fitar da ko kwabo tukuna. Na ga gara in rubuto maka, domin maganar waya iska ce. Wannan takardar kuwa ka ninke ta ka ajiye a aljihun gaban mota.

Tun da aka sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya kusan ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, don haka mai jigilar tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12 ribarsa a cikin tanki take kwana. Amma injin Toyota 22R da ke cikin motarka, mai lita 2.4, ba ya fara zuƙar mai haka siddan. Kafireto shi ake fara zargi, alhali shi ya kamata a taɓa daga ƙarshe.

Ka fara sanin nawa take sha, domin allurar mai ta tsohuwar mota ba abar gaskatawa ba ce. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka rubuta a ɗan littafi lambar da agogon kilomita ya nuna. Yi aikinka kamar kullum. Ran da za ka sake sha, ka koma gidan man nan, ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Misali, kilomita 240 da lita 40 na nufin lita ɗaya tana kai ka kilomita 6. Ka yi haka sau uku, kana rubuta hanya da lokaci da nauyin kaya, saboda fita da asuba daga Mile 12 zuwa Oyingbo daban take da ta la'asar, lokacin da titin Ikorodu ya tsaya cik a Ojota inji na ruri taya ba ta juyawa. In agogon ya mutu, wayarsa ce galibi ta tsinke, gyaranta ba tsada. Kuma in ka fara gyara, abu ɗaya ko biyu za ka riƙa yi sannan ka auna, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba.

Sai man da ke zuba ƙasa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Bi tiyon mai da hannu daga tanki zuwa inji, duk wanda ya bushe ya tsattsage ka canza shi, ka duba robar murfin tanki. Sannan ka zaro sandar auna man juye ka sansana. In ka ji ƙaurin fetur, ko ka ga man yana ƙaruwa maimakon ya ragu, to fatar cikin famfon mai ta huje, fetur yana gangarawa cikin inji. Wannan asara biyu ce, ga fetur ya tafi ga man juye ya tsinke. Akwai kuma yoyon da ba na tiyo ba, na hannu. Ka sa wa tankinka murfi mai makulli.

Yanzu abubuwan da ke riƙe motar. Sayi ma'aunin iska naka, kada ka dogara da na mai faci, balle wanda ke ƙwanƙwasa taya da ƙarfe ya ce ta yi. Ana aunawa da safe kafin taya ta ɗauki zafi, sau ɗaya a mako. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, na gaba daban, na baya daban, na lodi daban. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Taya tana ba da labarin kanta: in gefe biyu suka cinye, iska ta yi kaɗan, in tsakiya ce, ta yi yawa, in gefe ɗaya ne, alaimen ya goce, motar tana tafiya tana jan ƙafa. Manyan tayu masu faɗi kuwa ado ne mai cin kuɗi, suna kuma sa agogon kilomita ya yi ƙarya.

Birki ya fi taya ɓoye laifinsa. Da damina motarka tana ratsa ruwan da ke kwanciya a tituna, ga iskar teku mai gishiri, sai ƙusoshin da birkin gaba ke zamewa a kansu su yi tsatsa, birki ya kama ya ƙi saki sosai. Ɗaga kowace ƙafa da jak ka juya tayar da hannu. Ya kamata ta yi ta juyawa da ɗan sautin gogayya kaɗan. In ta tsaya da ka sake ta, akwai magana. Ko kuma bayan tafiyar da ba ka yawan taka birki ba, ka kusantar da hannunka ga kowane rim, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne ɓarawon. A kwance ƙusoshin a wanke, a shafa musu giris na birki, ba giris na gama-gari ba, domin shi yana kumbura roba. A duba wayar birkin hannu, ita ma tana maƙalewa. Tun da an riga an ɗaga mota, a girgiza tayar a ji boris, a buɗe aksil ɗin baya a ga mansa. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabon 80W-90.

Kuloci ma ka gwada shi: ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki ƙafa sannu a hankali. Inji ya mutu, lafiya. Ya ci gaba da ruri, kuloci yana zamewa, man da kake ƙonawa ba ya kaiwa ga taya. Wasan fedarsa ya kasance milimita 5 zuwa 15.

Ga inda nake so ka natsu. Na tabbata in ka buɗe inda babban tiyon lagireto ya haɗu da inji, ba za ka tarar da tamostat ba. Al'adar garejin ƙasar nan ce a cire shi a ce na ƙasar Turawa ne masu sanyi. Wannan kuskure ne. Zafin Legas wajen digiri 30 yake yawo, inji kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki tsakanin 80 da 90. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa cikin inji har ya kai wannan zafin, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. In babu shi, inji yana daɗewa bai gasu ba, a buɗaɗɗiyar hanya kamar Gadar Third Mainland da asuba ma sai allurar zafi ta sauka ƙasa. Fetur ba ya zama tururi sosai a inji mai sanyi. Wani ya fita ta salansa bai ƙone ba, wani ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa, ringi ya yi ta cinyewa. Mai cire tamostat bai warkar da zafin inji ba, ya rufe bakin mara lafiya ne kawai. Ainihin ciwon yana wani wuri: lagireto da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa, murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, fambel da ya saki, famfon ruwa da fukafukansa suka cinye. A wanke lagireto, a sa sabon murfi, a zuba ruwan sanyaya inji na kwalba. Tamostat ɗin da za ka saya yana da lamba a jikinsa, 82 ko 88. Kafin a ɗaura, jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ka gani da idonka ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe in ya huce.  Ka kuma duba fanka. Tana da nata kuloci mai sakinta in inji bai yi zafi ba. Wasu suna ɗaure shi da ƙusa ko walda don ta riƙa juyawa kullum, inji ya yi ta ɗaukar nauyin da ba a aike shi ba.

Daga nan sai wuta. Cire fulogi huɗun ka jera su yadda suke a inji. Mai launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Baƙi busasshe mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai danshi, man juye yana hawowa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Tazarar bakin fulogi a wannan inji milimita 0.8 ce, kuma da ma'auni ake gyara ta, ba da ido ba. Jabun fulogi sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau, araha kuwa ba ta ado, ka saya wurin wanda za ka iya komawa ka kama. Wayoyin fulogi, ka tayar da inji da dare a cikin duhu, in ka ga tartsatsi yana tsalle a jikinsu sun gama aiki. Buɗe murfin dilko, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, ka duba tsaga da tsatsa.

Taimin, wato lokacin da wuta ke tashi a fulogi, da fitilar auna shi ake saita shi. Mai juya dilko yana kasa kunne yana cewa ya ji daidai, caca yake yi da kuɗinka: in wuta ta makara mota ta yi nauyi ta sha mai ta yi zafi, in ta yi gaggawa inji ya riƙa ƙwanƙwasa a kan hawa. Akwai ɗan gwangwani a jikin dilko mai siririn tiyo zuwa kafireto, shi ke gaggauta wuta lokacin da kake tafiya ba ka danne totur ba, wato daidai lokacin da ake samun sauƙin mai. Cire tiyon ka tsotsa da baki, murfin dilko a buɗe. Farantin ciki ya motsa ya tsaya muddin harshenka na toshe da tiyon. In iska kawai kake zuƙa, fatarsa ta fashe. Mutane da yawa suna shekaru da wannan ciwon ba su sani ba. A saita bawul kuma inji da zafinsa, milimita 0.20 na shigar mai, 0.30 na fitar hayaƙi.

Filtar iska a mota mai kafireto ba abin wasa ba ce. In ta toshe, inji yana jan mai a madadin iskar da ya rasa. Ɗaga ta ga rana, in haske bai ratsa ba canza ta, musamman bayan ƙurar hunturu. Man juye 20W-50 ya dace da tsohon inji, kowace kilomita 5,000 tare da filtarsa, ko ƙasa da haka tunda awoyin goslo ba sa hawa agogo. Kada a wuce layin sama na sandar awo, kuma ka guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi.

To, sai yanzu kafireto. A gefensa akwai ɗan gilashi da ake hango fetur. Mota a shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana aiki, fetur ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya haura, ko dai abin da ke iyo a ciki ya sha mai ya nutse, ko allurar da ke tsayar da mai ta cinye, sai ya riƙa ambaliya. Cire gidan filta bayan inji ya yi zafi ka leƙa: farantin cok, mai rage iska a bakin kafireto in inji yana da sanyi, ya miƙe tsaye cak. In ya kwanta ko da rabi ne, ka kama babban ɓarawo. Kada ka bari a zura waya ko allura cikin jet, ɗan hujin da fetur ke bi, don a buɗe shi, tagulla ce mai laushi, hujin yana faɗaɗa kuma ba ya komawa. Da man wanke kafireto da iska ake yi. Shi kuma sukurun da bakanike ke ɗaurewa ya ce ya rage maka shan mai, silo, wato juyin inji mota na tsaye, kawai yake shafa, ba ruwansa da abin da mota ke sha a kan hanya. Silo ya zauna tsakanin juyi 700 da 800 a minti. Duk waɗannan, kayan gyaran kafireto na cikin ɗan kwali sun wadatar, kuɗinsu bai kama ƙafar na kafireton tokumbo, wato tsohon da aka shigo da shi daga waje, ba, wanda ba ka san ciwon da ya zo da shi ba. Kada kuma a matse mai fiye da kima don neman sauƙi, bawul ke ƙonewa.

In an yi duk wannan littafinka bai nuna canji ba, a auna matsin silinda huɗun da agogo. Kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali guda na man juye ta hujin fulogi a sake aunawa. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gaskit. A nan ne maganar buɗe inji take da hujja.

Ka rabu da man 'yan bumburutu. Ko na gidajen mai ka ga abin da gurɓataccen fetur mai methanol ya yi wa motocin garin nan a Fabrairun 2022, balle na jarka. Maganaɗisun da ake ɗaura wa tiyo da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki wai don rage shan mai, kuɗinsu gara ka sayi filtar fetur. Ɗumin safe minti ɗaya ya isa, ba sai ka yi ta bal-bal da totur ba. Ka sauke tarkacen ƙarafan da ke kwana a bayan mota. Kuma kada in ji an ce kana kashe inji a gangara don tsimin mai, ƙarfin birkinka daga injin yake.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka biyo ta gida da littafin awon, da tsofaffin fulogi huɗun, kowanne a naɗe cikin takarda da lambar silindarsa. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Mahaifiyarka ta ce ka taho mata da albasa.

Mahaifinka.