Tamowa a Katsina: a daina ɗora wa uwaye laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan tamowa, wato cutar ƙarancin abinci mai gina jiki, wadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce ta yi ajalin yara 652 a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025, ban da waɗanda suka rasu a gida ko a kan hanya.

Duk sanda aka tayar da maganar, sai a ce jahilcin uwaye ne, a sa shelar wayar da kai a rediyo. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara, kuma ban taɓa haɗuwa da uwar da ba ta san ƙwai da wake da madara suna gina jiki ba. Kuɗin sayen ne babu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kwanon hatsi ya gagari talaka, ga kuma manoma a yankunan Jibiya da Batsari da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Yaron da aka yaye sai koko tsura safe da yamma, jiki ya yi laushi, gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya zo ya ƙarasa shi.

Idan muka auna kaurin damtsen yaro ya gaza santimita 11.5, muna ba da madarar tamowa, in akwai. Uwa za ta koma gida ta tarar da wasu yara uku suna kallonta, sai ta raba musu. Wata ma ta sayar ta sayi masara. Da farko nakan yi faɗa, amma daga baya na tambayi kaina ko ni zan iya ciyar da ɗaya in bar uku suna kuka. Shi ya sa yaron da muka sallama yakan dawo mana bayan wata biyu.

Ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ajiye madarar nan a asibitocin ƙauye kafin damina, lokacin da rumbu ke ƙarewa, kuma duk uwar da aka sallami ɗanta a haɗa ta da gero da waken soya da gyaɗa da za su ishi gidan har kaka.

Taku,
Wata ma'aikaciyar lafiya, Jihar Katsina