Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firaministan Ayalan, Micheál Martin

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikacin jinya ne a birnin Cork, cikin mazaɓarka. Daga arewacin Najeriya na zo, na cika shekarun da doka ta gindaya, na je Killarney na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Ranar 29 ga Nuwamban 2024 na shiga layi na kaɗa ƙuri'a, kuma sunanka na cikin waɗanda na sa wa lamba, ko da yake ba zan faɗi ta nawa ba. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu ciwon huhu ya san darajar dokar hana shan taba a wuraren aiki da ka kawo a 2004 kana ministan lafiya, lokacin da babu ƙasar da ta taɓa gwada haka. Don haka ba da ƙiyayya na ɗauki alƙalami ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya tun watan Janairu: me ya canja game da Michael Lowry tsakanin 2011 da 2025?

Ka fi ni sanin tarihin, tunda tarihi ka karanta har ka koyar da shi, amma bari in maimaita saboda 'yan'uwana da za su ga wannan takarda. Lowry ne ministan sufuri da makamashi da sadarwa a gwamnatin Fine Gael lokacin da kamfanin Esat Digifone na Denis O'Brien ya ci gasar lasisin wayar salula na biyu a 1995. A ƙarshen 1996 ya sauka daga muƙami, bayan ta fito fili cewa attajiri Ben Dunne ne ya biya kuɗin faɗaɗa masa gidansa na Tipperary, kusan fam 395,000 na kuɗin lokacin. A 1997 aka kafa kwamitin binciken mai shari'a Michael Moriarty. Kusan shekara 14 ana zama, ana kiran shaidu, ana bin sawun kuɗi daga asusu zuwa asusu, lauyoyi suna karɓar nasu daga aljihun mai biyan haraji. A watan Maris na 2011 rahoton ƙarshe ya fito. Ya ce Lowry ya sa hannu wajen tabbatar wa Esat nasara, kuma kuɗi sun biyo baya ta ɓoyayyun hanyoyi. Ya kuma ce ya yi yunƙurin sa a ninka kuɗin hayar wani ginin Dunne da kamfanin tarho na gwamnati ke ciki, abin da alƙalin ya siffanta da rashawa mai ɗaure kai. Lowry da O'Brien sun musanta, har gobe suna musantawa, kuma haƙƙinsu ne a faɗi haka.

Kai kana jagoran Fianna Fáil a kujerar adawa lokacin. Ka miƙe a majalisar Dáil ka ce ya kamata Lowry ya ajiye kujerarsa. Majalisa ta zartar da ƙudurin neman ya sauka da kansa. Bai sauka ba. A 2018 kuma kotu ta same shi da laifin haraji, ta ci shi tarar yuro 15,000, kamfaninsa yuro 10,000.

Sai ga zaɓen 2024. Kujeru 174, ku 48, Fine Gael 38, jimilla 86, saura ƙiris ku kai rinjaye. Magana da Labour da Social Democrats ba ta kai ko'ina ba, kuka juya wajen 'yan majalisa masu zaman kansu. Wa ya jagoranci cinikin daga ɓangarensu? Mutumin da ka ce bai cancanci zama a zauren ba. Mutanensa suka samu kujerun ƙananan ministoci, biyu daga ciki har da izinin zama a taron majalisar zartarwa, Verona Murphy daga cikinsu ta zama kakakin majalisa. Shi bai karɓi muƙami ba. Wanda ya raba nama ai ba sai ya riƙe tsoka a hannu ake sanin ya ci ba.

Amsar da muke ji daga ɓangarenku ita ce mutanen Tipperary ne suke ta zaɓensa tun 1987, kuma kwamitin bincike ba kotu ba ne. Duka biyu gaskiya ne. Ban ce a ƙwace masa kujera ba, ƙuri'ar manomin Thurles ta Tipperary daidai take da tawa. Amma su majalisa suka aike shi. Kujerar da ya zauna a teburin rubuta shirin gwamnati ta shekara biyar, ku kuka jawo masa ita. Batun kotu kuwa, a 2011 ma ka san kwamitin ba kotu ba ne, kuma hakan bai hana ka magana ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ban kunya. Lowry da wasu abokansa, bayan sun yi alƙawarin mara wa gwamnati baya, suka ce kuma a ba su lokacin magana daga kason 'yan adawa. Jemage ke nan, ga fiffike ga haƙora. Ranar 22 ga Janairu zauren ya kaure da ihu har aka kasa zaɓenka, sai washegari. Na kalli abin a waya lokacin hutun dare, wata abokiyar aikina 'yar Kerry tana riƙe da baki. Wata biyu aka kwashe ana wannan ja-in-ja, ƙasa ga matsalar gidajen haya, ga marasa lafiya kwance a kan gadon turawa a barandar asibitoci. A ƙarshen Maris kuka yi amfani da rinjaye kuka sauya dokokin zaure, kyamarar wayar ɗan majalisar adawa Paul Murphy kuma ta kama Lowry yana ɗaga masa yatsu biyu, abin da a wajenmu daidai yake da daƙuwa. Daga baya ya ce tsokanarsa aka yi. Wataƙila. Ni dai da na ga hoton, ji na yi kamar rahoton Moriarty aka yi wa.

Abin da ya fi damuna shi ne na san kana iya tsawatawa idan ka so. A Yulin 2020 ka kori Barry Cowen daga ministan noma yana da kwana 17 kacal a ofis, kan tsohon laifin tuƙi bayan shan giya da ƙin tsayawa ya amsa tambayoyin majalisa. Wanda ya gaje shi, Dara Calleary, ya sauka a watan Agusta saboda cin abincin dare na ƙungiyar wasan golf a Clifden, inda mutum 81 suka taru ana tsakiyar dokar korona. Phil Hogan ma ya rasa kujerarsa ta kwamishina a Tarayyar Turai kan wannan liyafa. Ƙaramin minista Robert Troy ya sauka a 2022 kan gidajen da bai bayyana yadda ya kamata ba. A lokacin har waya nake yi wa yayana a Zariya ina cika baki, ina cewa zo ka ga ƙasar da faranti ɗaya na abinci ke cin kujerar minista. Yanzu shi ke tsokanata. Ya ce ashe ku ma kun iya kafa kwamiti a sa rahoto a durowa, bambancin kawai naku durowar tana da tsabta.

Ban sami abin mayar masa ba, domin da na sake dubawa sai na ga an bar jaki ana dukan taiki. Laifin da ya yi ƙara a rediyo mako guda, nan take ake yanke hukunci. Wanda ya ɗauki alƙali shekaru yana tonowa, sai a jira mutane su gaji. Rahoton farko na Moriarty ya ce tsohon firaminista Charles Haughey ya karɓi sama da yuro miliyan 11 daga masu kuɗi tsakanin 1979 da 1996, amma ya fito ne a Disambar 2006, wata shida bayan an yi masa jana'izar ƙasa. Kwamitin binciken Mahon a 2012 bai ce tsohon firaminista Bertie Ahern ya ci rashawa ba, amma ya ce bai faɗi gaskiya kan tushen wasu kuɗaɗensa ba. Kai da kanka ka nemi a kore shi daga jam'iyya, ya riga ku ya fice. A 2023 ya dawo ya sabunta katinsa, kana shugaban jam'iyyar.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba mai yawa ba ne. Ka tsaya a zauren Dáil ka gaya mana da bakinka ko har yanzu ka yarda da abin da Moriarty ya gano. In ka yarda, ka ce lissafin kujeru ne ya tilasta maka, za mu ji haushi amma za mu gane. In kuma ka sauya ra'ayi, ka faɗi shafin da ka gano kuskure a ciki. Sannan hukumar ɗa'ar ma'aikata, SIPO, ta daɗe tana kuka a rahotanninta cewa ba ta da haƙoran cizo. Ƙudurin dokar da minista Brendan Howlin ya gabatar a 2015 don gyara wannan ya kwanta a majalisa har ya mutu da rushewarta a Janairun 2020. Ka sa rana, ka kawo sabuwar doka kafin ka miƙa wa Simon Harris na Fine Gael kujerar firaminista a Nuwamban 2027, kada ta zama gadon da kowa ke tura wa na bayansa.

Zan kai kwafin wannan takarda da Turanci ofishinka na mazaɓa ranar da ba ni da aikin dare. Adireshina na jiki, in an ga dama a ba ni amsa.

Naka mai biyan haraji,
Wani ma'aikacin jinya,
Cork, Afrilu 2025