Rahoton Kwamitin Wasan Besbol na Shekarar 2024

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne mazauna Bronx, ga bayanin yadda kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi dalla-dalla ranar taro. Nawa shi ne in faɗi inda aka je, abin da aka gani, da inda aka yi tuntuɓe.

Da tuntuɓen zan fara, tunda nawa ne. Hukumar filayen shaƙatawa ta birnin New York tana karɓar takardun neman filin wasa tun cikin hunturu, lokacin da sanyi bai bar kowa ya tuna da ƙwallo ba. Ni kuwa sai da na ga itatuwa sun fara toho na tashi nema. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi: kafin in miƙa tamu, ƙungiyoyin da suka san kan gari sun kwashe ranakun da muke so a Heritage Field. Mun ƙwallafa rai a kan filin nan ne saboda a daidai wurin tsohon filin Yankees, babbar ƙungiyar besbol ta Bronx, ya tsaya daga 1923 zuwa 2008, kafin a rushe shi a mayar da wajen na jama'a. Dole muka koma Crotona Park muna lallaɓawa da sanyin safiyar Lahadi, kafin masu takarda su iso. Akwai ranar da suka zo yara na tsaka da wasa, muka tattara kaya muna ba da haƙuri. Ku yafe mini.

Azumi ya kama cikin Maris, aka yi ƙaramar salla 10 ga Afrilu, don haka bayan salla muka fara atisaye. Ranar farko abin dariya ne. Yaranmu 'yan ƙwallon ƙafa ne gaba da baya, in ƙwallo ta mirgino sai ka ga yaro ya manta da safar da ke hannunsa ya tare da ƙafa. Ƙwallon besbol kuwa ba ta wasa da ƙauri. Allah ya haɗa mu da wani maƙwabcinmu ɗan Jamhuriyar Dominika, dattijo ne da ya tashi cikin wasan nan. Ya tsaya a bakin waya yana kallonmu har ya kasa daurewa, ya shigo ya karɓi gorar bugun ƙwallo. Tun daga ranar bai yi fashi ba, kuma ko sisi bai karɓa ba. Shi ya koya wa yara yadda ake tausasa sabuwar safa: a saka ƙwallo a ciki, a ɗaure da igiya, a tura ƙarƙashin katifa ta kwana. Iyaye mata da kuka riƙa tsintar ƙullin fata a gadon yara kuna kirana a waya, ga amsarku, ba wani abu ba ne.

Maganar makarantar Islamiyya ta so ta kawo saɓani, amma an daidaita: a fito da sassafe, a tashi da wuri, kowa ya isa gaban Malam da wankansa. 'Yan mata ma sun shigo daga baya, kuma wadda ta fi kowa iya cafka a cikin yaran nan mace ce. Wanda yake musu ya zo fili ya gani.

Ranar 15 ga Afrilu kowace shekara, duk 'yan wasan babbar gasar besbol ta Amurka suna saka lamba 42 don tunawa da Jackie Robinson, baƙar fatar da ya shiga ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn a 1947, lokacin da aka daɗe da toshe wa irinsa ƙofa. Mun zaunar da yara mun ba su labarinsa, muka ƙara musu da na Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, haifaffen Afirka na farko da ya buga a wannan gasa, a 2017 tare da Pirates na Pittsburgh.

Sai zuwa kallo a filin Yankees. Da ƙafa muka gangara titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 na ruri a kan gada a samanmu. Cikin iyayen da suka raka mu akwai direbobin tasi da suka yi shekaru suna sauke mutane a ƙofar nan, ba su taɓa leƙa ciki ba. Kujerun can ƙololuwa muka iya saya, inda ɗan wasa yake komawa kamar tururuwa. Mun zaɓi wasan rana, muka tafi da masa da kilishi daga gida don kada a shiga kokwanton naman da ake sayarwa, muka samu lungu muka ba da faralin Azahar. Wani baba daga cikinmu ya yi zagaye uku yana tambayar yaushe za a fara, alhali an daɗe da farawa. Da jikarsa ta yi masa bayani cewa mai bugu yana neman ya zagaya tashoshi uku ne ya dawo gida ba a kama shi ba, sai ya ce ashe langa ce ta masu kuɗi. Ko ba komai, agogon da aka kafa wa mai jifa tun 2023 ya taimake mu, don wasan da a da yake haura awa uku yanzu yakan ƙare a wajen awa biyu da minti arba'in.

An ji daɗi, amma gaskiya tafiyar nan ta cinye kaso mai tsoka na kuɗin kwamiti. Ziyararmu ta biyu ta fi mana riba. Jirgin D ya ɗauke mu daga nan unguwa har ƙarshen layi a Coney Island, muka kalli Brooklyn Cyclones, ƙaramar ƙungiyar da Mets, ɗaya babbar ƙungiyar New York, ke rainon matasa a cikinta. Tikiti da sauƙi, kujera dab da fili, iskar teku na kaɗawa. A nan yara suka ji ƙarar ƙwallo tana faɗawa safar mai cafka, suka ga yadda mai jifa ke murɗa yatsu. Lahadin da ta biyo baya kowa jifa yake son yi.

Ƙarshen kaka a zauren taronmu muka kalla. Yankees sun kai wasan ƙarshe na World Series karo na farko tun 2009, suka haɗu da Dodgers na Los Angeles. Daren 30 ga Oktoba, a wasa na biyar, namu suna gaba da 5 da 0, har an fara rabon lemo. A zagaye na biyar Aaron Judge, wanda ya fitar da ƙwallo waje sau 58 a kakar nan, ya saki wata sassauƙar ƙwallo daga safarsa. Anthony Volpe ya yi jifa ba daidai ba, Gerrit Cole kuma bai ruga ya tsare tashar farko ba. Kafin ka ce kwabo an rama biyar ɗin, aka tashi 7 da 6, kofi ya tafi Los Angeles. Zaure ya yi tsit. Dattijon namu bai ce uffan ba, amma a atisaye na gaba, cikin sanyin Nuwamba, ba wanda ya taɓa gora. Cafka aka yi ta yi da hannu biyu har yatsu suka ƙage. Sannan ga Juan Soto na Yankees ya tsallaka Queens wajen Mets a Disamba, kan dala miliyan 765 na shekara 15, abin da ya raba kan wasu gidaje biyu.

Shawarar kwamiti game da baɗi ita ce a bar babban fili sai in an samu mai ɗaukar nauyi, a zuba kuɗin a kan kayan wasa. Hular kwano ba ta isa ba, yara karɓa-karɓa suke yi da gumi a ciki. Bahagwai kuma ba su da safa ko ɗaya, da ta masu jifa da dama suke maneji. Muna kuma neman iyaye mata biyu su shigo kwamiti saboda 'yan matan. Takardar neman fili ta baɗi na riga na miƙa ta, kwafinta na wajen shugaba ga mai son gani.

Duk yaron da ya tafi gida da safar ƙungiya, a duba ƙarƙashin katifa a taho da ita ranar taro, bayan La'asar.

Wassalam,
Sakataren Kwamiti