Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai rubuta manhaja ce a Kano, kuma na rubuto ne a kan wani iko da ke hannun hukumarka ta bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA: ma'aikatun gwamnatin tarayya ba sa fara manyan ayyukan fasahar sadarwa sai da sahalewar NITDA. Roƙona shi ne a ƙara tambaya ɗaya cikin sharuɗɗan wannan sahalewa. Shin an gwada manhajar nan a kan mata, kuma waɗanne matan?

Ka dubi lalle. Hukumar JAMB ta gargaɗi ɗalibai da su guji ƙunshi a yatsu, domin yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Na fahimci dalilinta, gara gargaɗi da yarinya ta rasa jarrabawa. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ƙunshi adon biki ne, adon suna da na sallah, iyayenmu da kakanninmu da shi suka tashi. Na taɓa zama a layin rajista kusa da wata uwa, aka goge mata yatsa, aka danna, aka sake dannawa, na'ura ta ƙi. Hannu ne da wanki da daka suka cinye, ga lalle a kai. Aka ce ta dawo wani makon. Ta gyara goyonta ta fita, ba ta ce uffan ba. Da akwai mace irinta a ɗakin da aka tsara aikin, da tun ranar farko an tanadi wata hanyar tantancewa.

Matsalar ba tamu ce kaɗai ba. A 2018, wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun auna manhajojin nazarin fuska na manyan kamfanoni, suka gano kuskurensu a kan maza farar fata bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata baƙar fata ya kai kusan kashi 35. A shekarar ne kuma aka ji Amazon ta watsar da manhajar tace masu neman aiki, saboda tana rage wa mata maki. Daga takardun maza ta koyi aikin. Idan haka ta faru da masu kuɗi da ƙwararru, me zai hana ta faru da ɗan kwangilar da ya gwada manhajarsa a kan abokan ofishinsa kawai?

Sai maganar waya. Yawancin manhajojinmu sun ɗauka kowa da wayarsa. A gidaje da dama kuwa, wayar maigida ce, shi kuma yana kasuwa ko gona. Lambar sirri ta shigo, kafin ya dawo ta mutu. Saƙon asibiti da ya kamata ya tsaya tsakanin mace da likitarta ya faɗa hannun wani. Ga wadda sunanta a BVN na mahaifinta ne, a NIN na mijinta, asusunta ya maƙale har sai ta yi ta zarya. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo, amma ba a tambaye ta ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, duk kamfanin da zai yi wa gwamnati manhaja a sa ya nuna sakamakon gwajinsa, na mata daban, na maza daban, kuma cikin waɗanda aka gwada a samu matan karkara da waɗanda ba su yi boko ba, ana yi musu bayani da Hausa ko harshensu. A kuma tambaye shi mata nawa ne ke da ta cewa a tsarin aikin. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koya wa mutum miliyan uku sana'o'in fasaha, da aka fara a 2023 yana horar da matasa, na yaba. Muna so a riƙa fitar da adadin matan da suka kammala a kowace jiha, da waɗanda suka samu aiki, domin daga cikinsu ne kamfanonin nan za su ɗauki ma'aikata.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga 'yar'uwarka,
mai rubuta manhaja a Kano